Hannu Na Uku

Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. To akwai wata sana'a a ƙasar Birtaniya wadda ko hannu biyun ma ba sa isar mai yin ta, sai ya shiga kasuwa ya sayo na uku. Sana'ar kuwa ita ce ɗaurin ƙudan fatsa. Hannu na ukun wani ɗan ƙarfe ne mai muƙamuƙi, ƙanen bais ɗin nan da ake gani kafe a teburin makanikai da masu walda, amma shi aikinsa ɗaya ne tak, wato ya cije ƙugiya ya hana ta motsi har mai ɗauri ya gama abin da yake yi. Mu dai a gidanmu mariƙi muke ce masa, kuma da wannan suna za mu ci gaba da kiransa.

Wanda ya saba da fatsa irin ta gida ya san tana ko wani abin ci ake soka wa ƙugiya a jefa a ruwa a zauna jira. Su masu wannan su ba sa sa wa kifi abinci ko kaɗan. Kifin da suka fi nema, wanda suke kira tirawut, yana rayuwa ne da ƙwarin da ke ƙyanƙyashewa a ƙarƙashin kogi su taso sama su yi fiffike. Saboda haka sai a ɗauki ƙugiya tsirara a naɗa mata zare da ulu da gashin tsuntsu har ta yi kama da ƙwaron da kifin yake ci a wannan wata, a wannan kogi, kai wani lokaci ma a wannan sa'a. Dabarar ta daɗe. Wani marubucin Rumawa mai suna Aelian ya ba da labarinta wajen shekara ta 200 Miladiyya, inda ya ce mutanen Makidoniya suna naɗa jan ulu da gashin zakara biyu a jikin ƙugiya su kama kifi mai ɗige-ɗige. A Ingila kuma, a shekarar 1496, aka buga wani ɗan littafin kamun kifi wanda ake jingina shi ga wata mata mai suna Juliana Berners, a cikinsa an lissafa ƙudaje goma sha biyu da watannin da kowanne yake ci.

Mu aiki ne ya kai mu kudancin Sikotilan, kusa da kogin Tweed, muka kuma daɗe a can har muka kamu da ciwon da mutanen wurin suke fama da shi. A ƙasar doka ta yanke lokacin kamun tirawut, daga 15 ga Maris zuwa 6 ga Oktoba. Da an rufe sai hunturu ya kawo jiki, a watan Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, mutum ya rasa inda zai sa kansa. A wannan lokaci ne masu fatsa suke taruwa sau ɗaya a mako a zauren ƙungiyarsu, kowa da fitilarsa da akwatin gashinsa, ana ɗauri ana hira, ana kuma ƙara wa kifin bara tsawo da nauyi. Shekarar farko da mariƙin aro muka koya, domin ƙungiyar tana da guda shida da take ba sababbin shiga. Al'adarsu kuwa ita ce in hunturu ya zagayo ka zo da naka, ka bar na aro ga na bayanka. Nan fa muka tsaya lissafi. Duk wanda ya yi zaman ƙasar waje ya san rabin albashinsa ya san hanyar gida tun kafin ya shigo hannu, ga kuɗin makarantar ƙanne, ga maganin tsofaffi, ga biki da suna. Abin da ya rage ba ya ɗaukar saye biyu. Mariƙi ɗaya za mu saya, kuma muna so ya kai mu har ranar da ido zai ce ya gaji.

Tambayar da muka fara yi wa kanmu ita ce, shin ma dole ne? Tarihi ya nuna ba dole ba ne. Ɗaruruwan shekaru masu ɗauri da yatsunsu suke riƙe ƙugiya, babban yatsa da manuni na hagu su cije ta, hannun dama yana naɗi. Sai a ƙarni na 19 mariƙi ya fara samun shiga, kuma da farko manyan masana'antar suna yi masa kallon sandar gurgu. Ko a ƙarni na 20 an yi wani shahararren Ba'amurke mai suna Lee Wulff, wanda ya rasu a 1991, da aka san shi da ɗaura ƙudaje, har ƙanana ƙwarai, a tsakanin yatsunsa ba tare da mariƙi ba. Amma wanda ya fara abu yana yaro daban yake da wanda ya shigo shi da furfura da tabarau. Yatsun da suka shekara talatin suna riƙe biro ba za su koyi wannan ba a hunturu ɗaya ko biyu. Muka bar wa Wulff bajintarsa muka nufi kanti.

Wani dattijo a ƙungiyar, wanda ya yi aikin gadin kogi har ya yi ritaya, shi ya sa mu a hanya. Ya ce duk surutun da za mu ji a kanti mu mayar da shi tambaya uku: yaya yake cizo, yaya yake juyawa, kuma yaya yake tsayuwa. Ya ce ta farkon ita ce uwa, sauran biyun 'ya'ya ne.

Maganar cizo tana buƙatar mai karatu ya san yadda ake auna ƙugiya, domin lissafin a juye yake. Duk yadda lamba ta ƙara girma, ƙugiyar ƙanƙancewa take yi. Lamba 10 ko 12 ita ce ta yau da kullum ga tirawut. Lamba 20 tsawonta bai wuce na ƙwayar shinkafa ba, kuma akwai waɗanda suka fi ta ƙanƙanta, har lamba 28 da 32. In an gangaro zuwa lamba 1 sai lissafin ya mirgine, a fara 1/0, 2/0, 3/0, su kuwa girma suke ƙarawa. To muƙamuƙin da zai riƙe 'yar mitsitsiyar ƙugiya dole bakinsa ya zama siriri, don ya bar wa yatsu wurin aiki. Wanda zai riƙe babba mai kaurin waya dole ya zama kakkaura, don kada ya buɗe ko ya tsage. Wuyar aikin maƙeran mariƙi ke nan, su haɗa siranta da ƙarfi a baki ɗaya. Ƙarfen ma sai an dafa shi daidai. In ya yi laushi ƙugiya za ta ci shi ta yi masa kwari, bayan shekara ɗaya ya daina riƙo. In ya yi tauri fiye da kima kuma sai ya zama kamar tangaran, ranar da ƙugiya ta kufce daga can bakin-baki sai ta ɓalle masa haƙori.

Hanyoyin rufe muƙamuƙin iri uku muka gani. Akwai mai noti, wanda ake murɗawa har ya matse, shi ne mafi sauƙin ƙira amma yana cin lokaci. Akwai mai liba, wanda ake daidaita faɗin bakin sau ɗaya, daga nan sai dai a danna liba ya cije a ɗaga ya saki. Wannan ƙira kamfanin Thompson na jihar Illinois a Amurka ne ya yi suna da ita, kuma galibin masu arahar da ke kasuwa kwaikwayonta suka yi. Sai mai sifirin, irin wanda kamfanin Regal na jihar Massachusetts yake yi. Shi kullum bakinsa a rufe yake da ƙarfin sifirin, sai ka matsa hannunsa ya buɗe, ka sa ƙugiya ka saki, ba ruwanka da daidaita komai ko da ka tashi daga babba ka koma ƙarama.

Dattijon nan ya koya mana gwajin da ya fi duk wata takardar talla. Ya ce mu tafi kanti da ƙugiyoyinmu a aljihu, ƙarama da matsakaiciya da babba. A sa ƙugiya a baki ta wajen lanƙwasarta, a rufe da ƙarfi daidai wa daida, sa'an nan a danna kafarta da yatsa. Mariƙin ƙwarai zai bar ƙugiyar ta lanƙwashe kafin ya bar ta ta zame. Wanda ya bari ta sunkuya a cikin bakinsa, ko da zinariya aka shafe shi, a ajiye shi. Dalili kuwa shi ne, mai ɗauri yana jan zare da ƙarfi, wani lokaci har dab da tsinkewa, musamman in yana ɗaura gashin barewa. In ƙugiya ta motsa a lokacin, duk naɗin da aka yi sai ya saki. Abin da ya fi wannan muni shi ne, mai mariƙi marar riƙo yakan rama da ƙarin matsi, matsin kuma yana raunana ƙarfen ƙugiya a daidai lanƙwasa ba tare da ido ya gani ba. Ba za a san an yi ɓarna ba sai bayan wata huɗu, a tsakiyar kogi, ranar da kifin da aka shekara ana mafarki ya kama, ya yi girgiza ɗaya ƙugiya ta karye. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gara a yi gwajin a kanti da a yi shi a ruwa.

Maganar juyawa kuwa ita ce ta raba ƙungiyarmu gida biyu, har ana yi wa juna ba'a. Mariƙin da, a tsaye yake ƙyam, fuska ɗaya ta ƙuda kake gani, in kana son ganin bayansa sai ka miƙa wuya ko ka cire ƙugiyar. Daga baya aka yi masu juyawa. A shekarun 1970 wani Ba'amurke mai suna Andy Renzetti ya fito da ƙirar da ta yi tasiri ƙwarai, inda aka lanƙwasa wuyan mariƙin yadda jikin ƙugiya zai dace da layin da ake juyawa a kansa. In ka murza hannun sai ƙugiyar ta riƙa juyawa a wuri ɗaya kamar mazari, ba ta hawa ba ta sauka. Amfaninsa biyu ne. Na farko kana ganin ƙudanka ta kowace fuska, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kai ta gefe kake kallonsa, kifi kuwa ta ƙasa yake kallo. Na biyu, maimakon hannunka ya riƙa zagaya ƙugiya da waya ko gashi, sai ka riƙe kayan wuri ɗaya ka juya ƙugiyar, naɗin ya fito daidai kamar an auna. Masu goyon bayan tsohon yayi suna cewa lanƙwasar wuyan tana tare wa hannun hagu wurin hutawa, kuma mafi yawan masu sayen mai juyawa ba sa amfani da juyin sai don leƙen bayan ƙuda. Mun zauna mun lura da hannayen mutane makonni da dama, muka ga maganar tasu da ƙamshin gaskiya. Cikin mutum tara masu irin wannan mariƙi a zaurenmu, uku ne kawai muka ga suna naɗi da juyin.

Tsayuwa ita ce tambaya ta uku, kuma iri biyu ce. Akwai mai gindi, wato faifan ƙarfe mai nauyi da ake ɗorawa a kan kowane tebur. Akwai kuma mai kama bakin tebur da noti. Mai gindi ya fi daɗin ɗauka daga ɗaki zuwa ɗaki, kuma ba ya ɓata wa uwargida teburin cin abinci, amma tsawonsa ƙayyadadde ne, in kuma gindin bai yi nauyi ba yakan biyo zare in an ja da ƙarfi. Mai kama tebur ba ya motsi ko kaɗan, ya fi sauƙi a jaka, kuma ana iya ɗaga shi ko a sauke shi. Wannan na ƙarshen shi ya fi jan hankalinmu. Mai ɗauri yakan yi awa biyu ko uku a zaune, in ƙugiya ta yi ƙasa da yawa wuya da gadon baya ne za su biya, in ta yi sama kafaɗu su gaji. Wanda ya haura hamsin ba ya wasa da irin wannan lissafi.

Sai maganar kuɗi, inda zuciya take shiga ta ɓata wa hankali aiki. A kanti ɗaya za ka ga mariƙin da bai kai fam ashirin ba, ka ga na fam ɗari biyu, ka ga wanda ya haura fam ɗari biyar. Akwai wani maƙeri Bature mai suna Lawrence Waldron da ya riƙa ƙera nasa ɗaya-ɗaya da hannu a Ingila, bayan ya daina sai masu tara kaya suka riƙa sayen tsofaffin a kan fam dubu ko fiye. Gaskiya ne araha ba ta ado, domin masu arahar nan a wajen dafa ƙarfe ake rage musu kuɗi, wato a daidai inda bai kamata a rage ba. Amma tsada ma tana da iyakar abin da take saye. Daga wani mataki zuwa sama, ƙyalli da suna kake biya, cizon bai ƙaru ba. Sha'awar kayan wannan sana'a tana iya zama cuta. A shekarar 2009 wani ɗalibin kiɗa Ba'amurke ya fasa gidan adana kayan tarihin halittu da ke garin Tring a Ingila, ya kwashe fatun tsuntsaye 299, waɗansu an tara su tun ƙarni na 19, don kawai ya sayar wa masu ɗaurin ƙudan salmon gashinsu.

Duk lokacin da ƙyallin kanti ya fara ɗaukar mana ido, mutum biyu muke tunawa. Ta farko ita ce Megan Boyd, wadda aka haifa a 1915 ta rasu a 2001. Ta zauna a wani ɗan gida kusa da garin Brora a arewacin Sikotilan, ta yi shekaru masu yawa babu wutar lantarki, tana ɗaura ƙudajen salmon a gaban taga. Masu fatsa daga ƙasashe daban-daban suna jiran layi don samun aikinta, cikinsu har da Yarima Charles na wancan lokaci, kuma a 1971 aka ba ta lambar girma ta Daular Birtaniya. Ita kanta ba ta kamun kifi. Abin da ya tsayar da ita a tsakiyar shekarun 1980 ido ne, kayan aikinta ba su gaza ba. Na biyun kuwa ba mutum ɗaya ba ne, dubban ma'aikata ne a ƙasar Kenya, inda sana'ar ɗaurin ƙuda ta kafu tun zamanin mulkin Ingilishi. Ƙudaje masu ɗimbin yawa da ake sayarwa a kantunan Turai da Amurka daga hannunsu suke fitowa, mutum ɗaya yana ɗaura dozin-dozin a yini, abincin iyalinsa ke nan. Wanda yake wannan aiki riƙo da sauri yake nema a wajen mariƙi, ba ruwansa da ƙyalli.

Akwai kuma wani lissafi namu na kanmu da 'yan ƙungiya ba su da shi. Su tirawut da salmon ne iyakar duniyarsu. Mu kuwa mun san wata rana gida za mu koma, kuma ruwayenmu ba su rasa kifin da ke cin ƙuda ba. A kogin Faro na ƙasar Kamaru, wanda yake zuba a Binuwai kusa da iyakar Nijeriya, masu irin wannan fatsa suna zuwa daga nesa don tsage da rana, da giwan ruwa da dare. Giwan ruwa kuwa yana iya haura kilo ɗari, kuma ƙudan da ake jefa masa siffar ƙaramin kifi ake yi masa, tsawonsa ya kai taƙi, a kan ƙugiya mai kaurin gaske. Ke nan muna bukatar bakin da zai riƙe lamba 18 a Tweed, ya kuma riƙe 6/0 in Allah ya kai mu Faro. Baki ɗaya da wuya ya yi duka biyun da kyau. Wannan ya sa muka ƙara tambaya ta huɗu a kan ukun dattijo: ana iya cire muƙamuƙin a sa wani, kuma in ya lalace ana samun na canji?

Da waɗannan tambayoyi huɗu muka yi wata biyu muna zagaye, muna aron na abokai muna ɗaura ƙuda goma-goma a kan kowanne, domin gani ya kori ji, taɓawa kuma ta kori gani. A ƙarshe ba a kanti muka saya ba. Ƙungiyar takan yi gwanjon tsofaffin kaya kafin Kirsimeti, a nan muka sami wani mai liba, mai kama tebur, wanda kansa yake juyawa gwargwadon yadda za a leƙa bayan ƙuda, ga kuma muƙamuƙi biyu, siriri da kakkaura, waɗanda har yanzu kamfanin yana ƙera irinsu. Fentinsa ya goge a inda tafin hannun mai shi na farko yake kwanciya. Muka fito da ƙugiyoyinmu uku a gaban jama'a muka yi masa gwajin dattijo, duka ukun suka lanƙwashe bai saki ko ɗaya ba. Muka biya fam tamanin da biyar, abin da bai kai rabin kuɗin sabonsa ba, ragowar kuwa muka sayi fitila mai kyau da almakashi mai tsini, waɗanda ido da yatsu suka fi gode wa.

Ƙudan da muka fara ɗaurawa a kansa shi ne wanda ake kira Greenwell's Glory, don girmama kogin da ya karɓe mu. A 1854 wani maɗauri mai suna James Wright na ƙauyen Sprouston, a bakin Tweed, ya ɗaura shi don wani limamin coci mai suna William Greenwell. Jikinsa zaren siliki ne rawaya da ake shafa wa kaki har ya koma ruwan ganye-ganye, kuma har yau kifin kogin bai daina cin sa ba. Bayan shi muka gwada hannu a ƙudajen salmon, inda muka tarar da tsofaffin sani a cikin akwatin kaya. Gashin zabo mai ɗige-ɗige shi ake sa wa a maƙogwaron shahararren ƙudan nan Jock Scott, gashin jimina kuma a gindinsa. 'Yan ƙungiya suna sayen gashin zabo 'yan ƙwaya a cikin leda da kuɗi mai tsoka, da muka gaya musu a garinmu bayan an fige zabo shara ake yi da gashin, sai suka riƙa kallonmu kamar mun ce muna hura wuta da takardun kuɗi.

Ga wanda wata rana zai sami kansa a irin wannan zaɓi, kulawar da mariƙi yake so kaɗan ce. Kada a matse bakinsa babu ƙugiya a ciki. Kada a sa ƙugiya a can tsinin baki inda za ta iya kufcewa. Kada a cije ta a kan tsini ko kunne, nan ne ƙarfenta ya fi rauni. A ɗiga wa liba mai sau ɗaya a shekara, a kuma sassauta shi in an tashi aiki. Namu yanzu hunturunsa na bakwai ke nan a hannunmu, ban da waɗanda ya yi a hannun mai shi na farko. Siririn bakin ya ɗaura ƙudaje fiye da yadda za mu iya ƙirgawa. Kakkauran kuwa yana nan a naɗe cikin tsumma mai mai a ƙasan akwati, tare da ƙugiyoyi 6/0 guda ashirin, suna jiran ranar da za mu ga Faro.